Wasiƙa a kan tafiyar ƙasa

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma aiki yana tafiya daidai. Saƙonka ya iso gare ni, inda ka ce a wannan karon kana so ka ajiye jirgi ka bi ta ƙasa, har ka nemi in ba ka labarin yadda ta kasance mini da na ratsa daga Legas zuwa Akara a mota.

Kada ka auna irin wannan tafiya da kilomita, domin a nan ne na yi kuskure. Tsakanin biranen biyu bai kai kilomita 500 ba, sai na ɗauka zan yi asubanci in yi sallar la'asar a can, na manta cewa akwai iyakoki uku a gabana: Seme tsakanin Nijeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, da Aflawo tsakanin Togo da Ghana. A kowace ɗaya sau biyu ake tsayawa, a buga maka hatimin fita, ka taka 'yan taku, a buga na shiga. Ƙasar Togo ta gaɓar teku faɗinta bai wuce kilomita 60 ba, amma lokacin da muka ɓata a ƙofofinta biyu ya ninka wanda muka yi a kan kwaltarta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sa'ar da yaron mota ya bi kujera kujera ya karɓe fasfo ɗinmu, ya ɗaure su da roba kamar damin kuɗi, ya ɓace cikin cunkoso. Na zauna ina kallon ƙofar da ya shiga, ina lissafin cewa idan bai dawo ba, ba ni da abin da zan nuna wa kowa cewa ni ne ni. Ya dawo bayan kusan awa biyu yana kiran sunaye, yana karkatar da rabinsu. Sai kuma aka gano wata dattijuwa ba ta da katin rigakafin zazzaɓin shawara, mota guda ta tsaya saboda ita. Wasu suka fara gunaguni, wani ɗan kasuwa mai jin Faransanci ya sauka ya raka ta har aka daidaita. Ka nemi wannan kati tun kafin ka tashi. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, saboda haka ko tsoho ne katinka, kada ka yar.

A takarda kuwa komai sumul yake. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma tsakanin takarda da titi akwai shingaye, kuma a wani daga cikinsu an tambaye ni kuɗi, da na ce a ba ni rasit, sai aka mayar mini da fasfo ba a ce uffan ba. Ban ce kullum haka take ƙarewa ba, na dai ga cewa tausasa murya da cikakkun takardu sun fi gardama amfani. Ka kuma saurari labarai kafin ranar tafiya, domin iyaka takan rufe ba sallama, kamar yadda Nijeriya ta rufe nata daga watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020.

Idan da motarka za ka tafi, aikin ya ƙaru: takardun mallaka, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar da ake karɓa a ƙetare, da izinin shigar da mota na wucin gadi daga kwastan.

Sai ƙananan abubuwa masu gajiyarwa. 'Yan canji sukan yi maka caa da damin takardu da kalkuleta, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, kuma duk canji sai ya ɗan yage wani abu, don haka ka san farashin ranar, ka ƙirga a gaban mai shi. Layin wayata ya mutu ana tsallakawa. Agogo ma ya yaudare ni, domin da aka shiga Togo lokaci ya koma baya da awa ɗaya.

Duk da haka, da za a ce in sake, zan sake. Daga tagar mota na ga yadda rubutun alluna ke juyawa daga Ingilishi zuwa Faransanci ya kuma dawo, alhali mutanen da ke gefe biyu na shingen harshe ɗaya suke yi, suna ƙetarawa a ƙafa da kaya a ka, ba mai ɗaga kai ya dube su. Wanda muka zauna kujera ɗaya da shi ya ara mini wayarsa na kira gida, ni kuma na tsare masa jaka yana barci, har muka rabu ban tambayi sunansa ba.

Ka sanar da ni ranar da ka tsayar, kuma ka ƙara kwana ɗaya a kan lissafinka. Ka gaishe mini da uwargida da yara. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Naka,
Amininka