Roƙon Tallafi Domin Gyaran Tsohon Masallacinmu a Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin masallacin unguwarmu a nan Garwa yana sanar da iyayenmu malamai da alhazai, da 'yan'uwa mazauna Marwa, Yawunde, Duwala da Njamena, cewa masallacin ginin ƙasa da kakanninmu suka gina yana neman ɗauki kafin ruwa ya sauka a watan Mayu.

Duk wanda ya tsaya a sahun gaba ya ga tsagar da ta taso daga gindin bangon alƙibla har kusa da rufi. Azara biyu sun lanƙwasa, indararon arewa kuma ya karye, ruwa yana bin jikin bango. Babbar illar ma daga shafen siminti ta fito, wanda aka yi a baya da kyakkyawar niyya: siminti ba ya barin ƙasa ta fitar da danshi, sai ta ruɓe a ciki alhali waje yana nan sumul, in ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga.

Wasu sun ba da shawarar a rushe a tayar da na bulo. Mun saurare su, amma ba mu ɗauki wannan ba, domin a zafin Maris da Afrilu, lokacin da awon zafi kan haura digiri 40, kaurin bangon nan ne ke sa dattawa su zauna karatu bayan azahar ba tare da fanka ba. Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, da yaɓen shekara-shekara yake tsaye har yau.

Saboda haka za a ɓamɓare simintin, a cike tsagar da tubali, a sauya azara da sabuwar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, sannan a yi yaɓe da makuba. Faɗaɗawa kuwa ta yamma za a yi, rumfar mata da wurin alwala, nesa da tsohon bango yadda ruwa ba zai kwanta a gindinsa ba.

Muna roƙon kuɗi, ko dala ɗaya ce, ko kwanon rufi, ko yinin aiki. A miƙa wa ma'aji bayan sallar Juma'a a karɓi rasit, kuma za a karanta lissafi a bainar jama'a ƙarshen kowane wata.

Allah Ya saka da alheri.

Kwamitin Masallaci