Masu ƙere-ƙerenmu na Panteka da Ƙofar Ruwa ba su san da wannan rumbun ilimin ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da na ga ba a cika tattaunawa a kansa ba a jaridunmu na Hausa, wato takardun mallakar ƙirƙira da ake ce wa fatent, musamman ma bayanan da ke ƙunshe cikinsu. Galibi in aka ambaci fatent abin da ke zuwa ran mutane shi ne wani ya rufe fasaharsa ya hana kowa taɓawa, alhali rabin labarin kenan. Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da gwamnati: za a kare maka abinka na shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda, amma da sharaɗin sai ka rubuta dalla-dalla yadda abin yake aiki har da zane-zane, ta yadda duk wani gwani a wannan fannin zai iya karantawa ya haɗa irinsa. Shekara 20 na cika abin ya zama na kowa. Kai ko kafin nan ma, in mutum ya daina biyan kuɗin sabuntawa na shekara-shekara takardar ta mutu.

To waɗannan bayanan fa a buɗe suke a intanet, kyauta. Akwai Espacenet na ofishin fatent na Turai mai takardu sama da miliyan 100, akwai PATENTSCOPE na WIPO, hukumar kula da mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba, ga kuma Google Patents wanda ko a wayar hannu yana buɗewa. Injin casar shinkafa, injin matsar man gyaɗa, na'urar busar da tumatir, famfon ban ruwa, murhu mai rage cin itace, duk wanda ka nema za ka tarar da ɗaruruwan zane, wasu tun na shekarun 1950 da tuni wa'adinsu ya ƙare. Wani abin kuma da mutanenmu ba su sani ba shi ne fatent a ƙasar da aka yi rajistarsa kawai yake aiki, wanda aka yi wa rajista a Amurka ko Jamus kaɗai ba a yi a Najeriya ba babu dokar da ta hana maƙerin Kano ya ƙera ya sayar a nan gida, sai dai in zai kai kayan can ƙasar ne zai ci karo da matsala.

Yanzu ka duba masu walda da gyaran inji na Panteka a Kaduna ko na Ƙofar Ruwa a Kano. Wallahi mutanen nan suna da basira, amma yadda suke aiki shi ne a samo tsohon inji ɗan China ko ɗan Indiya a kwance shi a auna da ido a kwaikwaya, in bai yi ba a yanke a sake walda, a yi ta asarar ƙarfe da kuɗin man janareta kan matsalar da wani injiniya ya riga ya warware ya rubuta shekaru talatin da suka wuce. Kamar mutum ne yana haƙa rijiya alhali ga kogi a bayan gidansa.

Ba wai babu hukumar da aka ɗora wa wannan aikin ba ne. Akwai NOTAP a Abuja, an kafa ta tun 1979, ita ke rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, tana da cibiyar bayanan fatent, tana kuma taimaka wa masu bincike su shigar da takardunsu. Daga 2006 ta fara buɗe ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'i da cibiyoyin bincike. WIPO ma ta ƙaddamar da shirin cibiyoyin tallafa wa fasaha da ƙirƙira da ake ce wa TISC a 2009 don dai wannan manufar. Madalla da hakan, amma ni abin da nake gani shi ne duk a cikin harabar jami'a aka killace su, da Turanci, ana jiran farfesa ya shigo. Shi kuwa mai walda da bai gama sakandare ba ina zai fara? Turancin fatent ko ɗan jami'a sai ya yi da gaske, don lauyoyi ne ke tsara shi. Amma zanen kam ba ya buƙatar tafinta sosai, ka nuna wa tsohon maƙeri zanen injin sussuka cikin minti biyar zai gaya maka inda bel zai bi.

Akwai misali na nan gida da ya kamata a ce ɗaliban haɗa magunguna sun sani. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da maganin sikila mai suna Niprisan daga haɗin gargajiya, cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, ta samu fatent a Amurka a 1998, aka ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, daga baya kamfanin ya durƙushe maganin ya yi wuyar samu. Takardar nan wa'adinta ya ƙare kuma tana nan kowa na iya karantawa. Ba ina cewa kowa ya je ya daka ya sayar ba fa, wannan sai da izinin NAFDAC, amma ɗalibin da zai yi bincike kan sikila a ABU ko BUK ai daga nan ya kamata ya ɗora.

Indiya ta gane wannan tun da wuri. Kafin a gyara ta a 2005, dokarsu ta fatent ta 1970 ba ta kare maganin kansa sai dai hanyar haɗa shi, sai kamfanoninsu suka duƙufa karanta takardun Turawa suna nemo wata hanyar, har a 2001 kamfaninsu na Cipla ya yi tayin maganin ƙanjamau na shekara guda kan dala 350 lokacin da farashinsa ya haura dala 10,000. Sannan da aka ba wasu fatent a Amurka a 1995 kan warkar da rauni da kurkum, Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce da ke nuna an daɗe da sanin hakan, aka soke shi a 1997. Mu wa ke sa mana ido kan abin da ake rajista a waje game da zogale ko zoɓo ko ɗanyen ƙaro?

Ɗaya ɓangaren shi ne na masu sabuwar ƙirƙira. Dokarmu ta fatent ta 1970 ba ta ɗora wa magatakardan rajista binciken ko abin sabo ne ba, takardu kawai ake dubawa ko sun cika, don haka kana iya riƙe da satifiket a hannu amma ranar da aka je kotu a fito da wata takardar Japan da ta riga ka, shikenan kuɗinka sun tafi. Binciken kafin a shigar shi ne maganin wannan. Haka nan matasanmu da ke haɗa abu yau gobe su ɗora bidiyonsa a TikTok ko Facebook suna bayanin komai, su sani bayyana abu ga jama'a kafin shigar da takarda na iya kashe sabuntarsa a idon doka. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru ta wani fannin sun fi mu sauƙi, takarda ɗaya a OAPI, ofishinsu na fatent na haɗin gwiwa da ke Yawunde, tana aiki a ƙasashe 17, mu kuwa ba ma ciki, ba ma kuma cikin takwararta ARIPO da Ghana ke ciki.

Roƙona ga NOTAP da jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya da fasaha shi ne su fito da aikin nan waje. A samu ko da matashi ɗaya ne mai kwamfuta da firinta a ofishin ƙungiyar masu ƙere-ƙere, ranar da aka ware a sati, mai sana'a ya zo ya faɗi matsalarsa da Hausa a bincika masa a buga masa zanen a gaya masa ko wa'adin ya ƙare ko yana da rajista a Najeriya. 'Yan bautar ƙasa da suka karanta injiniya za su iya wannan in an ba su ɗan horo. Ku ma Malam Edita kuna iya ware ɗan shafi duk wata ku kawo inji ɗaya da wa'adinsa ya ƙare da zanensa da bayani cikin Hausa, a fara da na matsar man gyaɗa tunda shi mata suka fi nema.

Na gode.

Naku,
Wani malamin makarantar koyon sana'a, Kaduna