A buɗe wa ma'aikatan ma'adinai ƙofar digiri na biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga Jami'ar Bayero da gwamnatin Kano.

Mu nan Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, tun zamanin Turawa ake haƙar kuza, ga kuma tutiya a ƙarƙashin duwatsunmu. Akwai matasanmu masu digiri da ke aiki a wannan fanni, amma duk mai son digiri na biyu a injiniyancin haƙar ma'adinai sai ya nufi garuruwa masu nisa irin su Akure, ya ajiye aiki, ya bar iyali. Magidanci nawa ne zai iya?

A tsara musu karatun Asabar da Lahadi, wani sashe ta intanet, gwajin aiki kuma a yi shi nan bakin rami. A koya musu tokare rami don kada ya rufta, da shigar da iska, da janye ruwa, da sarrafa nakiya. Kada a manta da ƙura: gubar dalma da ta ɓulla a Zamfara a 2010 ta kashe yara kusan 400, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ba ma fatan ganin haka a ƙauyukanmu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
daga Riruwai, Jihar Kano