Laburaren jami'a ya wuce wurin karatun jarrabawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana kan abin da ya daɗe yana sosa mini rai.

Ni malamin jami'a ne, kuma duk shekara ina duba kundin binciken 'yan ajin ƙarshe. A zangon da ya wuce wata ɗalibata, yarinya mai ƙwazo, ta kawo mini babi na biyu. Da na bi manazartar da ta kafa hujja da su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar wasu maƙalun babu su ko sama ko ƙasa. Manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta ƙaga mata su, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, tsaf kamar gaske. Ba ha'inci ta nufa ba. Ta ce duk maƙalar kirki da ta gani a intanet, da zarar ta karanta taƙaitawar sai a ce ta biya kuɗi kafin ta ga sauran. Na tambaye ta ko ta nemi taimakon ma'aikatan laburare. Sai ta ce, "Malam, ai sai jarrabawa ta matso nake shiga."

Na sa ta a gaba muka je. Ma'aikaciyar da ke teburin tambayoyi ta ja mata kujera, ta yi ta yi mata tambayoyi har doguwar jimlar taken bincikenta ta koma kalmomin nema guda uku. Ta nuna mata yadda ake rufe kalmomi cikin alamar zance domin a nemo su a haɗe, da yadda ake taƙaita nema ga shekarun baya-bayan nan. Sannan ta shiga shafin mujallar da sunan jami'a da kalmar sirri. Maƙalar da aka hana yarinyar nan karantawa ta buɗe, shafi na farko har na ƙarshe. Ashe jami'a ta riga ta biya, ita ce ba ta sani ba.

Ranka ya daɗe, irin waɗannan ƙofofi suna da yawa. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin Hinari a intanet domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta mujallun likitanci kyauta ko da rangwame, a 2003 kuma AGORA ta biyo baya a fannin noma; yanzu duk suna ƙarƙashin shirin haɗin gwiwa mai suna Research4Life, kuma cibiya ce ke rajista, ba ɗalibi ba. Akwai JSTOR, rumbun intanet mai tsofaffin fitowar mujallu. Akwai DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, mai jera mujallun da kowa ke karantawa kyauta bayan an tantance su, abin da ke taimaka wa mai bincike ya kauce wa mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kowane tarkace. Littafin da babu a laburaren jami'a, ana iya aro shi daga wani laburaren. Ga kundayen binciken ɗaliban da suka gabata a ajiye. Ga Zotero, manhajar kyauta mai tsara manazarta, wadda ma'aikaciyar nan ta koya wa ɗalibata a zama ɗaya.

Mu malamai muna da namu laifin, ba na musu. Mukan ce "je ki nemo manazarta" ba tare da mun faɗi inda za a nemo ba. Zagayen laburare da ake yi wa sababbin ɗalibai a makon farko kuwa, lokacin ba su san amfaninsa ba, kafin su kai ajin ƙarshe sun manta. Ya kamata a maimaita horon daidai lokacin da ake raba taken bincike, a kuma wajabta shi. Hukumomin jami'a su daina barin rajistar mujallu ta mutu a tsakiyar zango, su tabbatar akwai wuta da intanet a ɗakin kwamfuta.

Kai kuma ina roƙon ka tura wakilinka ya zauna da ma'aikatan laburare, su bayyana wa ɗalibai da bakinsu abin da ke hannunsu da yadda ake samunsa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin jami'a