Baƙar ƙasar juji ce ke kashe bishiyoyin ado a gidajenmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da na daɗe ina gani yana cin kuɗin mutane a banza.

Yanzu duk wanda Allah ya hore wa ya gina gida a Kaduna ko Zariya ko Kano, da an gama fenti sai ya tsaya wurin masu sayar da furanni na bakin titi ya sayi bishiyoyin nan masu siririn ganye da ba sa kaɗewa rani da damina, waɗanda ake kira tuja, da bishiyar Kirsimeti, da fayin. A jera su a bakin ƙofa, su yi kyau wata biyu ko uku, sannan su soma yin ja daga ƙasa har su bushe ƙurmus. Maigida ya ce rana ce, ko ya ɗora wa maigadi laifi wai ba ya ban ruwa. Na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, kuma har gobe ana kirana duba lambun gidaje. Mafi yawan waɗanda na tone, saiwarsu na tarar ta yi baƙi ta ruɓe tana wari. Ruwa ne ya kashe su, kuma ƙasar da aka zuba musu ce ta riƙe ruwan.

Mu manoma ne, mun taso da sanin cewa baƙar ƙasa ita ce mai albarka. Haka ne ga masara da alayyafo da rake. Su kuwa waɗannan bishiyoyin ado baƙi ne a ƙasarmu. Tuja asalinta daga Sin da Koriya take, inda take fitowa har a gangaren duwatsu. Bishiyar Kirsimeti daga wani ɗan tsibiri ne mai suna Nofok, can tsakanin Ostareliya da Niyu Zilan. Ba su da haɗamar taki. Abin da suke nema ƙasa ce mai sakin ruwa, wadda iska ke ratsawa ta kai ga saiwa. To mai tifa ko mai amalanke in ka ce ya kawo ƙasar shuka, ɗayan biyu zai kawo: laka daga fadama, ko ƙasar tsohon juji. Lakar fadama in ta sha ruwan Agusta sai ta kwana da kwanaki a jiƙe, in rani ya yi kuma ta daskare ta tsage. Ta juji ta fi muni, domin cike take da tokar murhu. Toka tana kashe ɗan tsamin da ƙasa ke da shi, alhali fayin da bishiyar Kirsimeti ƙasa mai ɗan tsami suke so, wajen 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa da masana ke amfani da shi. Idan tsamin ya tafi, ko da sinadarin ƙarfe na nan a ƙasar saiwa ba ta iya ɗaukarsa, sai ka ga sabon toho yana fitowa rawaya. Tuja ta fi su haƙuri ta wannan fuska, amma ita ma ba ta jure kwana cikin ruwa.

Haka ɓaraguzan gini. Magina sukan binne ragowar siminti da fasassun bulo daidai gindin katanga, wato daidai inda maigida zai so ya jera bishiyoyinsa. Siminti aikin toka yake yi wa ƙasa. A kwashe shi tukuna.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda cutar ke yaudarar mutane. Bishiyar da saiwarta ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, don haka sai ta yi yaushi tamkar mai jin ƙishirwa. Ganin haka sai a ƙara mata ruwa safe da yamma, a ƙarasa ta. Ga shi kuma irin waɗannan itatuwa sukan daɗe da ɗanyen launi bayan sun riga sun mutu, reshen da ya bushe kuma ba ya sake tohowa kamar na darbejiya da ko an sare ta sai ta dawo.

Gwajin gane ko ƙasa na sakin ruwa ba ya cin ko kwabo. A haƙa rami zurfin kamu guda, a cika shi da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa da yamma. Idan gari ya waye da sauran ruwa a ciki, wurin bai dace ba, sai dai a tara ƙasa a yi ɗan tudu a dasa a kansa. Haɗin da nake yi kuwa shi ne kwanon sarki 2 na ƙasar jigawa, 1 na yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa, 1 na ruɓaɓɓen ganye ko kashin shanu da ya shekara ya zama gari. Jangargari ma tana yi in an sassauta ta da yashi. Ɗanyen kashin kaji kada ya kusance su, ƙona saiwa yake yi. Kada kuma a binne wuyan bishiyar. Inda ƙasa ta tsaya mata a cikin leda, nan za ta tsaya a rami. Mai dasawa a tukunyar siminti ya leƙa gindinta, don da yawa ana sayar da su ba a huda ba.

Game da fayin akwai wani abu da ma'aikatan gandun daji suka sani tun tuni. Ba ya ƙiba sai da wani farin naman gwari mai kamar zare da ke manne da saiwarsa yana taya shi tsotso abinci. Shi ya sa a wurin renon dashe ake ɗebo ƙasa daga gindin tsofaffin fayin a gauraya a cikin leda. Wanda ya ga gandun fayin na Afaka kusa da Kaduna ya san bishiyar na iya rayuwa a nan. Saboda haka in ka sayo dashe, ka tsaga ledar a hankali, kada ka kaɗe ƙasar da ya zo da ita.

Wasu za su ce ai a Jos kowace ƙasa aka sa su suna yi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyi. Kano ko mita 500 ba ta kai ba, kuma ruɓar saiwa ta fi sauri a ƙasa mai ɗumi da danshi. Abin da bishiya za ta yafe a Jos ba za ta yafe shi a Kano ba. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri kuwa, shawarata ya tsaya ga tuja, ya sa ta inda rana ba ta dukanta da la'asar.

Kirana ga 'yan'uwa masu sayar da furanni: ku daina haɗa wa mai saye da buhun baƙar ƙasa iri ɗaya ga kowace shuka don ku ƙara ciniki. Ku ware haɗin jigawa da yashi domin waɗannan bishiyoyi, ku kuma gaya wa mai saye ya bari sai damina ta kankama, wajen watan Yuni, kafin ya dasa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Tsohon ma'aikacin gandun daji,
Zariya.