Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ali Nuhu, shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ya aiki ya jama'a. Ni ɗan kallo ne kawai daga Tudun Wada Kaduna, tun zamanin kaset nake bin fim ɗin Hausa, kuma tun da aka ba ka kujerar nan a Janairun 2024 nake ta son in rubuto maka, don na san kai ɗan gida ne, ka san ciki da wajen harkar.

Yadda addini ke fitowa a fina-finanmu ne yake damuna. Yawanci rawani ne da carbi, malam ya fito a ƙarshe ya yi nasiha, mugu ya haukace ko mota ta kaɗe shi, boka ya ji kunya, shikenan an tashi. To amma yallaɓai ai ba haka rayuwa take zuwa mana ba.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tela ne, 'yan bindiga suka ɗauke ɗansa a hanyar Birnin Gwari, ya sayar da gonar gado har da keken ɗinkinsa aka kai kuɗin fansa, yaron bai dawo ba har yau. Mutumin nan wallahi ban taɓa ganin ya rasa jam'i ba. Wata rana bayan asuba kowa ya watse, na same shi zaune a bakin masallaci takalminsa a hannu bai saka ba, ya kalle ni ya ce, ɗana na yarda da ƙaddara, amma in na yafe wa mutanen nan ban ci amanar yaron ba kuwa? Na rasa abin faɗa, sai haƙuri Baba kawai na iya cewa. Wane fim ne namu ya taɓa zama da irin wannan bawan Allah ko na minti goma, ba tare da an yi sauri an toshe masa baki da wa'azi ba?

Na san abin da 'yan fim ke tsoro, kar a ce sun taɓa addini, ga hukumar tace fina-finai ga mutanen soshiyal midiya, kuma ban ga laifinsu ba. Amma tambaya ba raunin imani ba ce. Annabi Ibrahim ya roƙi Allah ya nuna masa yadda yake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, yana nan cikin Baƙara. Annabi Musa sau uku yana kasa haƙuri da abin da ya gani a Suratul Kahfi da muke karantawa duk Juma'a. A Iran, fim ɗin Asghar Farhadi da ya ci Oscar a 2012, mace ce talaka bashi ya yi wa mijinta katutu, ga kuɗi za a ba su, aka ce ta rantse da Alƙur'ani ta ƙi don tana kokwanto. Babu malami a wurin amma ni ban taɓa ganin tsoron Allah a fim kamar nan ba.

Kuma mu a Kaduna labaran a ƙofar gida suke. Tun rikicin 2000 kogi ya raba mu, wasu suka koma Sabon Tasha wasu Rigasa, abokan makaranta suka daina zumunci. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan uwa ɗaya ya rasa hannu a rikicin 1992, suka dawo suna aikin sulhu tare, sai da Turawan Ingila suka zo suka ɗauki labarinsu a 2006, mu muna nan muna ta rigimar kishiya da gado.

Roƙona ranka ya daɗe, ka sa makarantar fim ta Jos ta kawo bita ta marubuta labari nan Kaduna, a zaunar da su da malamai da fastoci tun kafin a ɗora alƙalami, a ware ɗan kuɗi ko na gajerun fina-finai ne, a nuna su a bikin baje kolin fina-finai na Zuma. Kuma don Allah ka yi magana da masu tacewa, kai za su saurare ka.

Baba tela yanzu a shagon wani yake ɗinki, kullum akwai fim a kunne a wayar yaran shagon, shi dai kansa na kan keke.

Naka,
wani ɗan kallo daga Tudun Wada, Kaduna