Kwamfuta ta san abin da ya ɓace mata, don me ba za ta ɗauko da kanta ba?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni dai ɗan shagon buga takardu gare ni, kwamfuta uku duk na hannu, amma tunda mutanen layinmu suka ga ina zama a gaban allo shikenan suka mai da ni injiniya ƙarfi da yaji, duk wanda laftof ɗinsa ta yi tari wajena zai kawo.

Kwanaki wata maƙwabciyarmu malamar firamare ta aiko ɗanta da tata, wai manhajar da take shigar da sakamakon jarabawar yara ta ƙi buɗewa, sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci yana cewa wani fayil mai .dll a ƙarshe babu shi. Yaron kuwa kafin ya zo ya riga ya yi nasa ƙoƙarin, ya buga sunan fayil ɗin a intanet ya faɗa wani shafi mai ƙaton koren maɓalli ya danna, abin da ya sauko ba fayil ɗin ba ne bairos ne, tallace-tallace ta ko'ina, injin ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun siminti, ƙarshe dai sai fomatin na yi mata. Na ce masa kai ɗana wa ya aike ka? Ya ce toh Baba kwamfutar ce ta ce babu, kuma ba ta faɗi inda ake samu ba. Wallahi na rasa amsar ba shi.

Irin waɗannan fayilolin, su VCRUNTIME140.dll da MSVCP140.dll, duk a cikin ƙunshi ɗaya suke mai suna Visual C++ Redistributable, kyauta ne a shafin Microsoft kuma bai kai megabait 30 ba. Wanda ya haɗa manhaja shi ya kamata ya saka shi a ciki tun farko, da yawa ba sa yi, sai a bar mai kwamfuta da sunan fayil tsirara ya je ya nema.

Kuma fa ba wai abun ba zai yiwu ba ne. A Windows ɗin ma in ka buɗe tsohuwar manhaja mai buƙatar wani ƙunshin Microsoft mai suna .NET Framework 3.5 tambayarka take yi ko ta sauke maka, ka danna ta gama. Masu Ubuntu kuwa, wani nau'in Linux da ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows, tun fitowar 7.04 a watan Afrilun 2007 suka yi wannan, ka buɗe waƙa ko bidiyon da babu kodek ɗinsa, wato abin da ke sa ya kunnu, sai ta ce ga abin da ya rage in ɗauko? Ko a baƙin allon nan na taminal da ake buga wa kwamfuta umarni, in ka rubuta sunan manhajar da ba a saka ba, ba ta tsayawa a "babu" kawai, za ta rubuto maka layin apt install ɗin da za ka buga. Dalilin da ya sa ba su zuba kodek ɗin a ciki tun asali ba ma ba lalaci ba ne, maganar haƙƙin mallaka ce, na MP3 sai a 2017 ya ƙare, a shekarar ne Fedora, wata Linux ɗin, ta samu sakin jiki da shi. Microsoft ta fito da winget a 2020, mai sauke manhaja ta hanyar buga umarni, yana aiki sosai, amma fisabilillahi malamar firamare ce za ta zauna buga umarni?

Abin da ya sa nake ganin maganar ta zama ta gaggawa, tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina tallafa wa Windows 10, ita kuma Windows 11 tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, rabin laftof ɗin da ake kawo min ba za su ɗauka ba. Yanzu wasu ina mayar da su Linux Mint, ita ko wajen ɗorawa akwai ɗan akwatin da za ka yi wa alama ta haɗo maka kodek gaba ɗaya. Sai dai nan ma ba a rasa nono a ruga ba ta ɓangaren matsala. Wani lokacin direban Wi-Fi, wato manhajar da ke sa shi aiki, shi ne babu, kuma sai da intanet za ka sauke shi, kaga an kulle ɗaki mukullin na ciki, dole in jona waya da kebul in ara mata data tukunna. Ga ruɗanin deb da Snap da Flatpak, hanyoyin da ake ƙunshe manhaja a Linux, manhaja ɗaya ka ganta sau biyu a shagon manhajoji ba ka san wacce za ka zaɓa ba, ka zaɓi ta Flatpak 'yar ƙarama ta jawo maka ɗaruruwan megabait na kayan da take dogara da su, datar sati ta tafi a zama ɗaya.

Roƙona ga masu haɗa waɗannan abubuwa, har da matasanmu masu karatun kwamfuta tunda na Linux a buɗe yake kowa zai iya sa hannu, saƙon ya faɗi abin da ya ɓace da harshen mutane, in da Hausa ne ma ya fi, ya faɗi girmansa kafin a taɓa min data, maɓalli ɗaya daga amintaccen waje. Sannan a bar ni in sauke sau ɗaya in zuba a filash in saka wa kwamfuta goma. Ku kuma masu sayar da na hannu, dan Allah kafin ku miƙa wa mutum ku saka masa VLC mai kunna waƙa da bidiyo da wancan ƙunshin na Visual C++, minti biyar bai kai ba.

Ita malamar dai kwana biyu ta yi tana sake shigar da makin yara daga takarda, Allah Ya sa ba ta zubar da takardun ba.

Naku,
Mai shagon buga takardu, Zariya